Sukuwar Doki a Ƙirjin Mai Jego

Da damina ce, gero ya fara ɗaukar ciki, muka ɗora ƙanwata a amalanke daga ƙauyen da take aure muka nufi gidan likita na Barmu. Kwananta talatin da 'yan kai da haihuwa ta biyar. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ga tari, kuma dare uku ke nan ba ta kai haƙarƙarinta ƙasa ba. Da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe, ta tashi ta jingina da bango har kiran assalatu. Innarmu kuwa tun a gida ta yanke hukunci: sanyi ne ya shige ta, don yaran yanzu ba sa tsayawa a gasa su yadda ya kamata.

Majo, mai kula da gidan likitan, bai yi gardama da Inna ba. Ya gaishe ta, ya tambayi jinjiri, sannan ya sa aka kishingiɗar da mai jegon, ba a kwance ba, ba a zaune ba, aka tokare bayanta da matashi. Ya karkatar da kanta hagu kaɗan, ya tsura wa gefen wuyanta na dama ido a hasken taga. Ya kama wuyan hannunta da yatsu uku yana kallon agogo. Ya ja fatar idonta ƙasa ya leƙa. Ya danna ƙwaurinta da babban yatsa, ya ɗaga, wurin ya loɓa kamar an danna tuwo, ya ƙi dawowa. Sai ya ce wa Inna ta gyara mata zane, ya ɗora tafin hannu a ƙarƙashin nononta na hagu, yana matsar da shi a hankali har ya kusa kaiwa hammata kafin ya tsaya. Daga nan ne ya ciro abin sauraron ƙirji daga wuyansa, ya saurari gaba, ya tayar da ita zaune ya saurari baya, ya ɗaura mata abin awon jini a damtse.

"Inna, zuciyar ɗiyarki ce ta gaji," in ji shi. "Ruwa ya taru mata a huhu. Tawa za ku, yau ɗin nan."

Inna ta dube shi, ta dube ni. "Zuciya, majo? To wa ya ɓata mata rai?"

Tambayar ba ta wauta ba ce. A bakin Bahaushe zuciya mazaunin hali ce: mutum ya yi zuciya, a ce wane zuciyarsa a kusa take, wane kuma zuciyarsa ta mutu. Ko da tsoho ya ce maka yana ciwon zuciya, ka ce ya nuna wurin, sau da yawa bakin tumbi zai dafa. Wanda tsokar zuciyarsa ta kasa da gaske kuwa ba ya zuwa da sunan zuciya. Da haki yake zuwa, da kumburi, da tarin dare, da "ba na iya kaiwa rijiya". Aikin mai awo shi ne ya bi waɗannan sawaye da ido da hannu da kunne har ya iske mai su. Awon da majo ya yi bai kai minti goma sha biyar ba, bai taɓa wutar lantarki ba, amma kowane motsi da ya yi a ciki akwai wanda ya fara yin sa, a wani gari, a wata shekara.

Mafi tsufa shi ne kama wuyan hannu. Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na biyu, ya rubuta littattafai da dama a kan bugun jijiya kaɗai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ɗauki wannan ilimi ya tsara shi a cikin Alƙanun, ya ce a duba ƙarfin bugu, da saurinsa, da cikarsa, da taurinsa, da ko yana tafiya a jere ko yana tuntuɓe. Sunayen da magabata suka raɗa wa ire-iren bugun suna ba ni sha'awa har yau. Akwai bugun barewa, mai tsalle biyu. Akwai na tururuwa, ƙanana masu sauri da ƙyar yatsa ke jin su. Akwai mai kama da haƙoran zarto, akwai wutsiyar kusu, wanda ke farawa da kauri yana sirancewa. Duk wannan fasaha, amma ba su san abin da ke bugawar ba a kan gaskiyarsa. A koyarwar Jalinus, hanta ce ke ƙera jini, jiki yana shanye shi kamar yadda gona ke shanye ruwa, kuma wani sashe yana ratsawa daga ɓarin zuciya na dama zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani.

Wanda ya fara cewa ƙofofin nan babu su shi ne Ibn al-Nafis, mutumin Dimashƙa da ya yi likitanci a Alƙahira ya rasu a 1288. A sharhin da ya yi wa Alƙanun ya ce bangon tsakiyar zuciya toshe yake, sai dai jini ya bi ta huhu ya gauraya da iska sannan ya dawo ɓarin hagu. Maganarsa ta shige duhu ƙarni da ƙarni, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Berlin. Kafin nan William Harvey na Ingila ya riga ya buga ɗan littafinsa a 1628, inda ya nuna jini kewayawa yake yi. Hujjarsa ta lissafi ce: in ka ƙiyasta abin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya ka ninka da bugun rabin awa, jinin ya fi duk wanda ke cikin mutum, hanta ba za ta iya ƙera wannan daga tuwon da aka ci ba. Hujjarsa ta biyu kowa na iya jarrabawa a zaure. Ɗaure damtse da ƙyalle har jijiyoyin hannu su tashi. Danne ɗaya da yatsa, ka share jinin da wani yatsan zuwa sama, wajen kafaɗa, ka ɗaga na biyun. Jijiyar za ta zauna fayau, ba jinin da zai gangaro daga sama ya cika ta, sai ka saki yatsan farko. Hanya ɗaya ce, mai ƙyaure, zuwa zuciya.

Ƙwanƙwasa ƙirji ya zo daga Biyana a 1761, ta hannun Leopold Auenbrugger. Ana cewa mahaifinsa mai masauki ne, ya taso yana ganin ana ƙwanƙwasa gangunan giya don a san inda ruwan ya tsaya. Duk macen da ta taɓa sayen tulu a kasuwa ta san wannan ilimi: lafiyayye amonsa daban, mai tsaga daban, cikakke daban. Likitocin zamaninsa suka yi biris da shi, har sai da Corvisart, likitan Napoleon, ya juya littafin zuwa Faransanci a 1808.

Almajirin Corvisart ɗin nan, René Laennec, shi ne mai abin sauraron ƙirji, kuma kunya ce ta haife shi. A 1816, shekarar da ya kama aiki a asibitin Necker a Paris, aka nuna masa wata matashiya mai alamun ciwon zuciya. Tana da jiki, ƙwanƙwasawa ba ta ba shi komai ba. Abin da ya rage shi ne ya manna kunnensa a ƙirjinta, kamar yadda wasu likitoci ke yi, shi kuwa ya ga shekarunta da kasancewarta mace ba su ba shi wannan dama ba. Sai ya nannaɗe takardu kamar tabarma, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa. Ya ji bugun tangaram, fiye da yadda ya taɓa ji da kunne tsirara. Daga baya ya sassaƙa na itace, tsawonsa taƙi ɗaya da ɗori, ya kwashe shekara uku yana sauraron ƙirjin marasa lafiya, in sun mutu ya buɗe gawa ya ga abin da ya haifar da sautin da ya ji. A 1819 ya buga littafinsa. Mai kunne biyu irin wanda ke wuyan majo sai a farkon shekarun 1850 ya fito, aka fi sanin ƙirar George Cammann ta New York. Nakan ce da Laennec Bahaushe ne ba abin da zai sauya a labarin. Tazarar nan ta taƙi guda ita ce ta sa har yau namiji baƙo ke iya jin zuciyar matar aure a gaban uwarta ba tare da an tashi taro ba.

A zamanin Laennec, a nan kudu da mu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana rubuta nasa risalolin na magani a Sakkwato, ciki har da ta basir da ta ciwon ido, yana ɗebowa daga littattafan ɗibbu na Larabci. Da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso wurinsa a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita da zai zauna a Sakkwato. Ayarin da ma da likitansa, Walter Oudney, amma ya rasu a hanya kusa da Katagum a watan Janairun shekarar. Da Clapperton ya sake tahowa, likitocin da ya ɗauko babu wanda ya ga ganuwar Sakkwato. Laennec ya rasu a 1826 yana da shekara 45, da tarin fuka, cutar da ya fi kowa sanin sautinta. Clapperton ya bi shi a 1827, a Sakkwato. Bello ya rasu a 1837 bai sami likitan da ya nema ba.

Awon hawan jini ya faro ne da ɗanyen aiki. Wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya ɗaure goɗiya, ya zura bututu a jijiyarta, ya haɗa da dogon gilashi a tsaye, jini ya hau sama da ƙafa takwas yana sauka yana tashi da kowane bugu. Ya buga labarin a 1733. Ba mai yarda a yi masa haka, shi ya sa aka jira har 1896, lokacin da Scipione Riva-Rocci na Italiya ya fito da ɗamarar da ake hura wa iska a damtse. A 1905 wani likitan soja na Rasha, Nikolai Korotkov, ya haɗa ɗamarar da abin sauraro: ka hura har jijiya ta yi shiru, ka sassauta a hankali, inda ƙwanƙwasa ta fara shi ne lamba ta sama, inda ta ɓace shi ne ta ƙasa. Rahotonsa bai wuce shafi guda ba. (Mu a Nijar majo kan ce maka tansiyonka sha biyu da takwas, ka ƙetara Ƙwanni zuwa Illela a ce ɗari da ashirin bisa tamanin. Abu ɗaya ne, Faransawa da santimita suke ƙirgawa, Ingilishi da milimita. Na san dattijon da wannan bambanci ya hana barci.) Kallon jijiyar wuya kuwa Thomas Lewis na Landan ne ya mai da shi awo mai ƙa'ida a 1930. Jijiyar nan ba ta da shamaki sosai tsakaninta da ɓarin zuciya na dama, don haka ita ce gilashin Hales da Allah ya dasa wa kowa. In mutum ya kishingiɗa aka ga ta cika tana harbawa har kusa da kunne, jini ya yi cunkoso a ƙofar zuciya.

Kayan nan sun iso ƙasarmu ta Adar a jakar likitocin sojan Faransa a farkon ƙarni na 20. A 1905 aka kafa hukumar kula da lafiyar 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa, a 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar, wadda ta yaye likitoci da ungozomomi 'yan Afirka na farko da aka rarraba cikin yankin. Amma hankalin Nasara yana kan agana da sanƙarau da kuturta, cututtukan da ke kwashe masu biyan haraji da 'yan aikin tilas. Zuciya ba ta cikin lissafi. Har ma akwai ra'ayin cewa baƙar fata ba ya hawan jini, bayan wani likita mai suna Donnison ya auna mutane a Kenya ya buga sakamakon a 1929. A 1950 mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi. Horar da likitoci a cikin Nijar kanta sai a shekarun 1970, bayan an kafa jami'ar Yamai.

Inda ƙasar Hausa ta shiga tarihin nan da ƙafarta, ba a matsayin mai karɓa kawai ba, Zariya ce. A 1969 wani likita ɗan Wales, Eldryd Parry, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin farfesan likitanci. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da abin da ba su saba gani da yawa haka ba a Ibadan ko Addis Ababa ko Birtaniya: mata matasa, makonni kaɗan bayan haihuwa, ana kawo su a kumbure suna haki. Jijiyar wuya a cike. Bugun zuciya ya kauce daga mazauninsa, wato tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida daidai saitin kan nono, ya koma wajen hammata, alamar zuciya ta buɗe ta yi girma. Hanta ta sauko tana ciwo. A gindin huhu ana jin ƙaras-ƙaras kamar ana murza gashi kusa da kunne. A kan zuciyar kuma, maimakon sauti biyu na lafiya, sai a ji uku a jere. Likitocin Faransa na ƙarni na 19, Bouillaud da Potain, su suka raɗa wa wannan sauti suna sukuwar doki, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin sukuwa ranar salla zai gane shi da jin farko.

Daga 1969 zuwa 1972 suka tattara mata fiye da 220, suka bi su. Ƙiyasinsu, cikin matan Hausawan Zariya kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari tana ƙarewa da wannan ciwo, adadin da ba a san irinsa ba a duniya a lokacin. Suka ga ya fi yawa a watannin zafi da damina. Suka ga kuma ya fi kama Hausawa fiye da sauran ƙabilun da ke zaune gari ɗaya da su. Nan suka fita daga asibiti suka shiga gidaje, tare da wata mai bincike, Trevitt, wadda ta zauna da matan birnin Zariya. Abin da ta tarar kowace Bahaushiya ta san shi: wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa kwano bayan kwano don nono ya kawo, sanyi ya fita. Suka ce ga bakin zaren. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki. Zuciyar da ta yi wata tara tana ɗaukar kayan mutum biyu aka sake labta mata wannan, sai ta durƙusa. Babban rahotonsu ya fito a 1978, kuma kusan dukansa da ido da hannu da kunne da hoton ƙirji aka gina shi. A 1998 likitocin Zariya, ciki har da Danbauchi da Anjorin, suka fitar da labarin matan nan bayan shekara ashirin da wani abu, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a inda babu lambar gida.

Bayanin ya yi daɗin ji, ya shiga littattafan likitanci na duniya, har ya zama in an ambaci Hausawa a darasin zuciya to kanwa za a ambata. Ni dai ina ganin ya yi saurin zama karatun hadda. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa 'yan Nijar sun ga ciwon nan da yawa a shekarun 1980 da 1990, a wurin Zabarmawa da Hausawa da Fulani, kuma a 1992 suka nuna jinin matan yana da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom, wanda rashinsa aka san yana lalata zuciya a yankin Keshan na ƙasar Sin. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar suka ƙirga ɗaya cikin haihuwa 102 a asibitin koyarwa, a rahotonsu na 2007. Sannan Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci wani bincike na faɗin Nijeriya da ya tattara mata 406, aka buga a 2020. Abin da ya fito fili a nan shi ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su tsaya a matsayin sanadi ba, tunda masu lafiyar ma suna yi. Wato yunwa da talauci sun daɗe a ɗakin, ana ta tuhumar tukunyar wanka. Wannan bai wanke kanwa ga wadda zuciyarta ta riga ta kasa ba. Ita kam gishiri ko wane iri guba ne a gare ta.

A Tawa aka kwantar da ƙanwata. Likitan da ya karɓe ta ya sake bin sawun majo ɗaya bayan ɗaya, wuya, hannu, ƙwauri, ƙirji, kafin ya aika a ɗauki hoto. Da ya ga na matsa ina leƙe sai ya miƙo mini abin sauraron ya ce in sa. Da farko ban ji komai ba sai shuu, kamar iskar hunturu a cikin kara. Ya gyara bakin abin, ya sassauta dannawa, ya ce in bar numfashinta in bi bugun. Sai ga shi: ta-ta-tam, ta-ta-tam, da sauri, kamar doki can nesa a kan fako.

Aka yi mata allurar da ke sa fitsari. Daren nan ta cika fo ya fi a ƙirga, washegari ta kwanta a kan haƙarƙarinta ta yi barci har hantsi. Da za a sallame mu likita ya zaunar da mijinta ya ce haihuwa ta gaba sai an sake duba zuciyar, in ba ta koma daidai ba to a haƙura, ya kuma ce da Inna ba kanwa, ba gishiri, ba ruwa mai ƙuna. Inna ta ce to. A mota ta ce mini ita haihuwa tara ta yi, kowace da kanwarta, ga ta nan daram. Na ce haka ne, Inna. Da muka isa gida ta ci gaba da dama kunun, amma ta cire kanwar ta sa tsamiya, ruwan wanka kuma ta riƙa sirka shi, tana yi tana mita. Kowace safiya, kafin ta ɗora tukunya, sai ta ja zanen ɗiyarta sama kaɗan, ta danna ƙwaurin da babban yatsa, ta ɗaga, ta sunkuya ta duba.